Rakiya Har Bakin Gada

Gidan da muka kama haya a unguwar Glenwood, cikin garin Greensboro na Amurka, ƙaramin gidan katako ne, in babbar mota ta wuce sai ka ji tagoginsa na kaɗawa. Malam, maigidana, yana karatu a jami'ar da ke kusa, kullum da sassafe zai hau kekensa ya bar ni da bango huɗu da talabijin ɗin da ko rabin maganarta ba na ji. Ni da na tashi a Zariya, a gidan da ba a rufe ƙofar zaure sai dare ya raba, sai ga ni ina yini ban ji sallamar kowa ba. Kewa ta kusa hallaka ni a shekarar farko, ba na ɓoyewa.

Maƙwabciyarmu wata dattijuwa ce 'yar Vietnam, siririya, ko kafaɗata ba ta kai ba. Tana zaune da ɗanta da matarsa da jikokinta biyu. Da rana ɗinki take yi a wani kamfanin wanduna, da yamma kuma tana tsugune a lambun da ta yi a bayan gida, wurin da sauran mutanen unguwa ke shuka ciyawa su yi ta wahalar aske ta. Ranar da na leƙa ta saman shingen waya na ga kuɓewa da barkono da yakuwa, sai da na yi salati. Ta ga na kafa wa yakuwar ido, ta tsinko cike da hannu ta miƙo mini. Turancinta guntu-guntu ne, nawa ma a lokacin ba a magana, amma mata biyu ba sa rasa yadda za su yi zancen miya. Na ce mata Mama, ta amsa. Ashe su ma a wurinsu ba a kiran babba da sunansa gatsal. Ita kuma 'yata take ce mini.

Da na haifi 'yarmu ta fari, ba uwa kusa ba kaka, aka sallamo ni daga asibiti aka ce in sha ruwan sanyi in riƙa zagayawa. Mama ta ji haka ta girgiza kai kamar an ce mata in sha guba. Ta karɓi kaza a hannun Malam, don ta san ba kowane nama muke ci ba, ta dafa da citta mai yawa, ta tafasa ruwa da wasu ganyaye ta gasa mini jiki, ta kuma hana ni taɓa ruwan sanyi. Ban taɓa zaton zan yi jego irin na gida a hannun matar da ba ta taɓa jin sunan Zariya ba. Tun daga nan na ɗauke ta uwa, ba da wasa ba.

A hankali na san tana da yaya mace a Toronto, can Kanada. Bayan yaƙin ƙasarsu yayar ta fita ta teku a ƙaramin jirgin ruwa, Mama kuma ta zauna da tsohuwarsu har ta rasu, sannan ita ma ta fito, ta yi zaman sansani a wata ƙasa kafin a kawo su Greensboro. Rabonsu da juna tun ɗan Mama yana firamare, ga shi yanzu har ya tara iyali. Duk Lahadi suna waya, ina jiyo Mama ta taga tana ɗaga murya kamar yayar tana tsallaken kogi.

Wata Lahadi da bazara ban ji muryar ba. Na zagaya na same ta zaune a bakin lambu, ruwa na ta zuba daga tiyo ba ta ma lura ba. Ta ce ciwon suga ya cinye wa yayarta ido ɗaya, ɗayan ma yana bi. Yayar ba ta iya doguwar tafiya. Abin da ta ce mata a waya kawai shi ne, "Ki zo in gan ki tun ina gani."

Na ce, "To Mama, sai ki shirya. Me ake jira?"

Ta ce, "Biza."

Ɗan nata yana tsaye a bakin ƙofa, ya dafe kai. Ya ce mini ya gaji da faɗa mata ba ta buƙatar wata biza. Tana da katin zama na dindindin, wanda kowa ke kira girin kad, kuma a wancan lokacin mai wannan kati in zai je Kanada ziyarar 'yan kwanaki, nuna shi kawai zai yi a bakin iyaka ya wuce, in ya tashi dawowa ya sake nunawa. Ya ce zai saya mata tikitin bas, shi ba zai samu hutu a wurin aiki ba sai ƙarshen shekara. Mama ta bar shi ya gama, sannan ta ce masa yaro ne shi, bai san iyaka ba.

Ni abin dariya ma ya ba ni da farko, har da ɗan haushi. Mu masu fasfon Najeriya in muna son leƙa Kanada sai mun nemi biza, mun jira, a ba mu ko a hana. Ga wadda aka buɗe wa ƙofa wangame, ta tsaya tana neman wanda zai sa mata kwaɗo don ta ji daɗin buɗewa. Na faɗa wa Malam da muna cin abinci, ya ce in bi ta a hankali, ni dai na cika garaje.

Ta nace sai na raka ta cikin gari ta nemi hatimi. Muka hau bas muka sauka a tasha, na goya 'yata, muka taka zuwa Elm Street, wani ofishin masu sayar da tikitin tafiye-tafiye. Mama ta yi kwalliya kamar mai zuwa kotu. Matar da ke wurin, Baturiya mai fara'a, ta duba katin ta ce ai shi ke nan, ba a buƙatar komai. Mama ta ce to a buga mata hatimi cewa ba a buƙatar komai. Matar ta ce babu irin wannan hatimin. Mama ta matso kusa da ni ta rage murya ta ce ko dai wani abu matar ke so a ba ta. Na ce mata nan ba a yin haka, ta taso mu tafi kafin ta ja mana abin kunya. Muka fito tana ta mita da yarensu, ni ina ta mita da nawa.

A cikin bas na kasa haƙuri. Na ce, "Mama, ɗanki ya faɗa, matar nan ta faɗa, Malam ya tambaya a makaranta an faɗa masa. Mutum nawa kike so su rantse miki? Idon yayarki ba jiranki yake ba."

Ta juya wajen taga. Sannan ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Shiga ba ta dame ni ba, 'yata. Dawowa nake tsoro." Ta ce lokacin yaƙi sun bar ƙauyensu da niyyar kwana kaɗan, ba su sake ganinsa ba. Ta bar birnin da ta yi aure, ba ta koma ba. Ta bar ƙasar, ba ta koma ba. Ko sansanin da ta tsana, da ta fita aka rufe. Duk wurin da ta juya wa baya, ya tafi ke nan. Yanzu kuma ana ce mata ta bar jikokinta da ɗakinta ta tsallaka wata ƙasa, ba takarda ba hatimi, wai za a bar ta ta dawo saboda wani ɗan kati.

Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Na ji tausayinta ya kama ni, na kuma ji haushin kaina da na ɗauki abin wauta.

Akwai wata al'ada tawa da Mama ta daɗe tana yi wa dariya. Duk ranar da ta shigo wurina, in za ta tafi sai na ɗauki mayafi na raka ta har ƙofar gidanta, alhali gidan nan ne a jikin namu. Takan ce, "Ɓata zan yi?" In ce mata mu haka muke, ba a barin baƙo ya fita shi kaɗai kamar an kore shi. Wani lokaci don tsokana sai ita ma ta rako ni, mu yi ta kai da kawo a gaban gida jikokinta na kallonmu. To da muka sauka daga bas ran nan, na raka ta ƙofarta kamar kullum, sai na ji bakina ya ce, "Mama, zan raka ki."

Ta ce, "Ai kin rako ni."

Na ce, "Kanada nake nufi. Ba zan iya shiga ba, amma zan kai ki har bakin iyaka, in tsaya ina kallonki. In sun hana ki, ina nan, mu dawo tare."

Ta dube ni sama da ƙasa. Ba ta ce to ba, amma ba ta ce a'a ba.

Malam ya ajiye cokali da na gaya masa. Ya ce, "Ke kin san nisan wurin kuwa? Tafiyar yini guda ce cur. Rakiya ai bakin titi ake kaiwa." Na ce masa bakin titin Mama ke nan, ni ban sa shi can ba. Ya ce motarmu ko jihar Virginia da ke maƙwabtaka da mu ba za ta kai ba. Na ce ai akwai motoci a duniya ban da tamu. Ya ce yana da rubutun da zai miƙa. Na ce lokacin da matar nan ke gasa mini jiki shi rubutu yake yi, yanzu ma ya ci gaba, ni zan hau bas da goyona. Ya yi dariya ya ce Allah ya shirye ni. Ranar Juma'a bayan an sauko ya yi magana da wani Alhaji ɗan zangon Kumasi da ke da babbar mota, Alhaji ya miƙo makulli ya ce zumunci a ƙafa yake, a gaida tsohuwa.

Ɗan Mama ya yi waya Toronto aka shirya. Ɗan yayar zai kawo mahaifiyarsa garin Niagara, wanda ba shi da nisa daga wurinsu, su jira a ƙarshen wata gada da ake tsallakawa da ƙafa. Ni kuma na shiga kicin na yi dambun nama da cincin, don ba a tafiya ba guzuri. Mama ta cika jaka da tsaraba, sannan ta zagaya da matar ɗanta cikin lambu tana nuna mata abin da ke son ruwa da abin da ba ya so, tana yi kamar mai barin wasiyya.

Bayan sallar asuba muka kama hanya. Tafiyar ta yi daɗi, ba zan musa ba. Duwatsu kore shar, hanya sumul, 'yata na barci a cinyar Mama. Mukan tsaya mu yi salla a gefen gidan mai, Mama ta riƙe yarinyar tana kore mana masu kallo da ido. Ta ci dambu ta ce ya yi, sai dai barkono ya yi kaɗan, ita da na ɗauka za ta yi kuka da yaji. Amma da yamma ta yi, allunan hanya suka fara ambaton Kanada, sai hirarta ta ɗauke. A masaukin da muka kwana ko shayi ba ta sha ba.

Da hantsi muka isa bakin gadar. Babban ruwan nan mai zubowa daga kan dutse, wanda ake zuwa kallo daga ko'ina, yana ta ruri a gefe, mutane na ɗaukar hoto, ni ko sau ɗaya ban tsaya na kalle shi da kyau ba. Gadar doguwa ce, a ƙarshenta ga ginin jami'an Kanada. Na cire jan mayafina na yafa mata, na ce idon yayarta zai fi saurin kama ja, mu ma za mu riƙa hango ta. Hannunta sanyi ƙalau. Ta ce, "Ba za ki tafi ba?" Na ce ko Malam ya tafi ni ina nan. Malam ya ce shi ma ina zai je, makullin Alhaji na hannunsa amma ni ce mai mota.

Ta ɗauki jakarta ta shiga. Muka koma wurin da ake hango gadar sosai muka tsaya. Jan mayafin na tafiya a hankali, ya tsaya, ya ci gaba, har ya ƙanƙance ya shige ginin can. Na yi ta karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Malam ya ce to alhamdu lillahi, mu ba ta ɗan lokaci, in ba ta fito ba sai mu nemi wayar kan titi mu kira ɗanta mu ce ta shiga.

Ban gama ba 'yata nono ba Malam ya taɓa ni. Ya ce, "Duba can." Jan mayafi ne a kan gada, yana dawowa.

Na ce shi ke nan, sun hana ta, ni na jawo mata. Na fara faɗa tun kafin ta iso, ina cewa wace irin ƙasa ce za ta kori tsohuwa da ta zo ganin 'yar'uwarta, ina masu cewa ba a buƙatar komai, su zo su gani. Malam na ce mini in yi haƙuri mu ji daga bakinta. Ta shiga ginin jami'an Amurka, muka koma ƙofar fita muka tsaya. Ba a jima ba sai ga ta, ba jaka a hannunta.

Na ce, "Mama, me suka ce? Ina jakar?"

Ta ce, "Sun bar ni. Mutumin ya duba kati ya ce in wuce. Jakar na wurin ɗan yayata."

"To me ya dawo da ke?"

"Na zo in ga ko wannan ƙofar ma tana buɗewa."

Malam ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya. Ta ce jami'in wannan ɓangaren ya tambaye ta yaushe ta fita, ta ce yanzu. Ya tambaye ta me ta sayo, ta ce ba komai. Ya dube ta, ya dubi katin, ya miƙo mata ya ce sannu da dawowa gida. Ta maimaita mini maganar sau biyu, a hankali, kamar mai tauna abu mai daɗi. Ta ce tunda uwarta ta haife ta, yau ce rana ta farko da ta fita daga wata ƙasa ta dawo.

Sai haushi ya taso mini ta wani gefen. Na ce, "Yanzu Mama baiwar Allah nan tana can ta taso tun daga Toronto, kin gaisa da ita kin juyo kin bar ta a tsaye?"

Ta ce ba su gaisa ba tukuna. Ta hango ta ta gilashi, zaune a kan benci da sanda, ta yafito ɗan yayar, ta ba shi jaka ta ce ya ce mata layi ne ya yi tsawo. Ta ce, "Ganinta saura kaɗan, 'yata. Abin da ta gani yau shi za ta riƙe. Ba na so ta riƙe fuskar mai tsoro."

Nan na fashe da kuka a gaban Turawa, ban damu ba. Ita kuwa ko ɗigo. Ta ce in bar shirme in ba ta ruwa. Ta wanke fuska, na goge mata da bakin zanena, ta karɓi matajina ta gyara gashinta, na ɗan shafa mata hoda. Ta ɗago kai ta ce, "Yaya?" Na ce ta yi kyau, kuma ba ƙarya na yi ba, fuskar ta saki kamar ba ita ce ta kwana ba ta runtsa ba. Ta sumbaci 'yata a ka, ta ce wa Malam ya yi tuƙi a hankali, ta ce mu kama hanya kada dare ya yi mana. Wannan karon da sauri ta taka gadar, ba ta tsaya ko sau ɗaya ba.

Mako biyu aka shirya za ta yi, ta yi kusan wata. A bas ta dawo ita kaɗai, ɗanta ya ɗauko ta a tasha. Ina jin ƙarar motarsu na fito ko takalmi ban sa ba. Ta fito tana ba da umarni a sauke kaya, tana tambayar wa ya bar mata barkono ya bushe. Na riƙe hannunta na tambaye ta abin da ya hana ni sukuni tun ranar da muka rabu.

"Mama, ta gan ki?"

Ta ce, "Ta gani. Sai da ta jawo ni bakin taga ta matso da fuskata kusa da tata. Ta daɗe tana kallo. Ta ce na tsufa, kuma na koma innarmu sak."